Madarar da Yakubu Bai Sha Ba

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da cuta, ya kuma saukar da magani. Abin da ke tsakanin biyun, wato layi da takarda da gadar Bahri, wannan aikin 'yan Adam ne, kuma shi zan ba da labari.

Ni malamar makaranta ce a Omdurman. Shekara ashirin da bakwai ina koya wa 'yan mata tarihi da labarin ƙasa, ina rubuta musu a allo cewa ƙasa abu uku ce, jama'a da iyaka da doka, suna kwafa da kyakkyawan rubutu ina ba su maki. Bana ne na je na gaida dokar a gidanta. Na ga ya dace duk mai ɗan'uwa a masana'anta ya ji yadda na same ta, ko ya tsira daga wautar da na yi.

Yakubu ƙanena ne, ciki ɗaya. Ni na goya shi a kambo, sansanin ma'aikatan gona, can Jazira, iyayenmu na cikin gonar auduga. Da aikin gona ya daina ciyar da mutum aka watse zuwa birni, Kawu Haruna, ƙanen mahaifiyarmu, ya riga kowa samun gindin zama a wata masana'anta a Bahri, inda ake fasa matattun baturan mota, a narkar da dalmar da ke cikinsu, a zuba ta sanduna a sayar. Kawu ya zama rayis, shugaban leburori ke nan, ya dinga jawo mutanen kambonmu ɗaya bayan ɗaya har suka kai goma sha huɗu. Shekara tara Yakubu na tsaye a bakin tukunyar narka da ludayin ƙarfe mai tsawon mutum. Sunan wurin ba zan faɗa ba. Kafin mai karatu ya kai ƙarshe zai ga dalili.

Wurin yana da wata al'ada da ake alfahari da ita. Kowace safiya kafin a hura wuta, mai madara zai iso da jakinsa, a auna wa kowane lebura rabin ratal, kimanin kofi guda, kyauta. An ce madara ke wanke hayaƙi daga cikin mutum. Duk wanda ya san warsha, wato shagon fenti ko na walda, a Khartum ya san wannan magana, kuma ba a gardama a kanta, kamar yadda ba a gardama a kan inda rana take fitowa. Ni ma, da takardun shaidata a bango, na yarda da ita. Har nakan ce a cikin mata, mai wurin su Yakubu yana da tsoron Allah.

Abin da ban sani ba, Yakubu ya kusa shekara biyu bai sha tasa ba. Tun da aka yaye 'yarsa Safiya, madara kuma ta zama abin masu hali, sai ya riƙa miƙa rabonsa ga mai shayin bakin ƙofa ta tafasa ta ajiye masa, da yamma ya kai wa yarinya a gora.

Da ciwo ya kama Yakubu, makon farko ciwon ciki ne. Ba irin na wanda ya ci ful, dafaffen waken nan, da ya kwana ba, irin wanda ke naɗe ƙaton mutum kamar tabarma. Matarsa Hauwa ta kira ni, muka kai shi asibitin unguwa. A ƙasar nan ko da karyayyar ƙafa ka shiga sai an fara duba maka malariya, kuma da wuya a rasa ta. Aka samu, aka yi masa allurai. Mako na biyu aka ce taifod. Na uku aka ce hanji ne, ya bar ful da barkono da mai, wato ya bar abinci. Bayan gida ya riƙa ɗauke masa kwana biyar-biyar. Ya ce bakinsa kullum kamar ya tsotsi mabuɗi. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya daka wa Safiya tsawa don ta yar da cokali, sa'an nan ya zauna yana kallon hannuwansa kamar na aro.

'Yan dubiya kuwa ba a magana. Kowa zai shigo da "Kaffara, kaffara," ya zauna, kafin shayi ya huce ya zama likita. Aka jiƙa bagaruwa, aka dafa filasko, aka yi ƙaho a ƙeya, aka sha rubutu. Wata gwaggonmu ta ce baki ne, tunda bara Yakubu ya sa ƙofar ƙarfe a gidansa. Ban hana ko ɗaya ba. Wanda ba shi da magani ba ya korar mai saiwa.

A mako na huɗu muna fatur, karin kumallon hantsi, ya miƙa hannu cikin faranti zai gutsuri kisra, sai hannun ya faɗi daga wuyansa, ya rataya kamar ganyen da rana ta doka. Ya ɗaga, ya sake faɗuwa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kin ga ɗan iskan nan ya shiga yajin aiki." Babu wanda ya taya shi dariyar.

Muka hau raksha mai ƙafa uku zuwa tasha, muka hau hafila, motar haya, zuwa gada, aka ce an rufe gada, muka zaga ta wata. Mun isa babban asibiti a Khartum kafin azahar, likita ya gan mu bayan la'asar. Kwana biyu a kan benci kafin gado ya samu, kuma ban tambayi ta wace ƙofa mai gadon ya fita ba. Zanin gado namu, fanka tamu, ruwan ƙari da allurarsa da auduga da filasta daga kantin magani na tsallaken titi. Asibitin ya ba da rufi da likita. Ban raina ba.

Kowa ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, har wata ƙaramar likita ta zo zagayen safe. Ba ta wuce sa'ar ɗaliban da na yaye 'yan shekarun baya ba. Ta murɗa hannun, ta danna cikin, sa'an nan ta yi abin da babu wanda ya yi cikin mako huɗu, ta ɗaga leɓensa. A dasashi, daidai gindin haƙora, akwai wani siririn layi shuɗi-shuɗi, kamar an ja da fensir. Ta kira abokan aikinta su zo su gani, abin da ba ya faranta ran mai jinya.

"A ina kake aiki?"

Ya gaya mata. Ta faɗi wata magana da har gobe tana kunnena: tasammum bir-rasas. Gubar dalma.

Gwajin da zai tabbatar babu shi a asibitin. Wani ɗakin gwaji na kuɗi ne ke yi, shi ma sai an jira kwana tara. Awarwaron auren Hauwa a nan ya tafi. Da sakamako ya fito likita ta dubi takardar, ta dubi Yakubu, ta ce, "Da ƙafarsa ya shigo nan?"

Ran nan da yamma Kawu Haruna ya zo da ledar lemo. Na yi masa bayani dalla-dalla, kamar darasi. Ya saurara yana jan carbi, sa'an nan ya juya ga gado.

"Yakubu, tsakaninka da Allah, kana shan madararka?"

Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska. A nan na fara jin labarin gorar Safiya.

"To!" in ji Kawu, ya buga cinya. "Ga ta nan. An ba ka garkuwa, ka kai gida an yi shayi da ita. Sauran duk suna sha, wa ka ga ya kwanta?"

Kafin magariba maganar ta kai Jazira ta dawo. Masu cewa kaffara suka koma cewa ai shi ya ja wa kansa. Ni ma, Allah ya yafe mini, na tsaya a kansa na yi masa faɗan da nake yi wa yarinyar da ta zo aji ba littafi. Na ce da ka buɗe baki ai da na ɗauki madarar Safiya a kaina. Ya juya fuska ga bango. Ya ce wa Hauwa kada ta ƙara kawo yarinyar asibiti, wai akwai wari. Ba wari ba ne. Kallonta ne ba ya iyawa, yana tsoron abin da zai ji a ransa.

Da safe na tare likita a baranda na tambaye ta. Ta yi mini kallon da nakan yi wa mai kawo amsar banza da gaba gaɗi.

"Ustaza, ko kogunan Nilu biyu madara ne ya shanye su, dalmar nan tana nan. Madara abinci ce, ba garkuwa ba."

Ta lissafa mini a yatsu abin da ke karewa: bututun da ke zuƙe hayaƙi daga kan tukunya, kammama ta gaske mai tace iska, ba ƙyallen ɗaure hanci ba, kayan aiki da ake bari a wurin aiki, wurin wanka kafin a taɓa abinci, gwajin jini a kai a kai, da janye mutum daga bakin wuta da zarar jininsa ya fara nunawa. "Kuma duk wannan a wuyan mai wuri yake," in ji ta. "Ba sadaka ba ce, doka ce."

Na kai wa Yakubu wannan albishir da gudu. Ya ce, "Likitar yarinya ce, Yaya. Sauran ai suna tsaye." Na koma na faɗa mata. Ta ce, "Kawo mini su in ɗaga leɓensu." Na aika. Ko ɗaya bai zo ba.

Mako na shida hannun hagu ya fara nauyi. Maganin da ke janye dalma daga jiki babu shi a asibitin, babu shi a duk kantunan da na taka daga Khartum har Omdurman. Sai an aiko da shi daga Masar, da kuɗin da ko an sayar da ni da allona ba za a kai ba. Likita ta ce jijiya tana da haƙuri, amma ba mai yawa ba. In aka yi sauri hannu na iya dawowa. In aka daɗe, sai abin da Allah ya yi.

To, tunda an ce doka ce, na nemi doka. Mijin wata abokiyar aikina magatakarda ne a ofishin lauya, ya ara mini kundin dokar ƙwadago. Na karanta shi a gefen gado, ɗaya hannun na kore wa Yakubu ƙuda. Na karanta littattafai da dama a rayuwata, ban taɓa samun mai daɗin wannan ba. Wajibi ne mai wuri ya sanar da ma'aikaci haɗarin aikinsa. Wajibi ne ya kare shi. Wajibi ne a riƙa duba lafiyarsa. In aiki ya sa masa ciwo, magani da diyya a kan mai wuri. Har na ji sha'awar ƙasar da aka rubuta wa wannan doka, na ce wata rana zan kai mata ziyara.

Na rubuta ƙara da Larabcin da na ajiye tun jarrabawar ƙarshe, na kai ofishin ƙwadago. Jami'in da ya karɓe ni dattijo ne mai ladabi. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya yaba rubutuna.

"Takardar ɗaukar aiki?"

"Babu. Yaumiyya ne, kullum da yamma ake sallamarsa."

"Katin inshora?"

"Babu."

"Shekara nawa?"

"Tara."

"Akwai mai shekara ashirin yana aikin yini ɗaya," in ji shi, kuma ba wasa yake ba.

Ya ce doka ba ta yar da ɗan yaumiyya ba, amma sai an tabbatar a can ya yi aiki, a can kuma ya kamu. Ana son shaidu daga abokan aikinsa, da rahoton mufattish, mai binciken masana'antu, sa'an nan kwamitin likitoci ya zauna ya auna nawa ne ya lalace a jikinsa. Na ce yaushe mufattish zai je? Ya nuna mini wata mota ta taga, akuya na kwance a inuwarta.

"Ga mufattish, ga mota. Mai ne babu. Dokar nan tana da ido, ustaza, ƙafa ce ba ta da ita. In za ki kawo mota, ranar Talata."

Na yi hayar mota. Sa'an nan na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ranar Litinin bayan la'asar na tafi gidan Kawu na gaya masa.

Mai karatu zai ce wace irin malama ce wannan. Irin wadda aka haifa a kambo. A wurinmu ba a kai wa babba hukuma a kansa ba sallama. Kawu ne ya ɗauki gawar babanmu, shi ya raka ni kwalejin malamai da akwatina a kansa. In na faɗo masa da mufattish kamar an zo kama ɓarawo, da wane ido zan shiga gidan suna ko na makoki? Na ce masa, "Kawu, ba kai nake ƙara ba, wurin nake ƙara. Na ce kada ka ji a bakin wani." Ya ce, "Kin kyauta, 'yar Yaya. Allah ya yi miki albarka." Har bakin titi ya raka ni.

Talata da hantsi muka isa. Wuta a kashe, wai ana gyaran tukunya. An wanke daɓe har yana ƙyalli. Ga mutanen kambonmu goma sha uku a jere, kowa da farar kammama sabuwa fil, da safar hannu, da takalmin roba har gwiwa wanda bai taɓa sanin ƙasa ba. Ga akwatin magani a bango, ga jar tukunyar kashe gobara. Ga teburin madara, an shimfiɗa masa leda mai furanni.

Mufattish ba yaro ba ne. Ya ga karin ninki a jikin kowace kammama. Ya miƙa hannu ya shafo saman taga, yatsansa ya fito toka-toka, ya dube shi, ya goge a hankici. Na'urar auna iska ba shi da ita, ofishin ma ba shi da ita. Ya juya ga mutanen.

"Wa ya san Yakubu?"

Waɗannan mutane na san iyayensu, wasu ma na ɗauke su suna jarirai. Suka tsaya, ido kawai a waje. Can wani ya ce daga bayan kammama, "Yakan zo jefi-jefi. Ɗan yaumiyya ne." Ban gane muryar ba, kuma na gode Allah da ban gane ba. Ranar ce kaɗai kammamar ta kare su daga wani abu, shi ne idona.

Mufattish ya rubuta abin da ya gani, don abin da ya gani kaɗai zai iya sa wa hannu. Ya ba da umarni a ƙara fanka. Muna kan gada za mu koma, ya ce, bai ko dube ni ba, "Wa ya gaya musu?" Na ce masa Nilu ya cika bana.

Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga ayari a ɗakin marasa lafiya: Kawu, da limamin mutanenmu, da dattawa biyu, da mai wurin kansa, ana biye da su da buhun sukari. Judiyya ke nan, sulhun dattawa, kotun da ba ta taɓa rasa man mota ba.

Na so in ga mugu. Tun mako biyu na shirya masa fuska. Sai ga tsoho mai taushin murya, ya zauna a bakin gado ya riƙe mataccen hannun Yakubu, hawaye na gaske a idonsa. Ya ce, "Yakubu ɗana ne. Ni ma a bakin tukunyar nan na fara, a hannun mahaifina, madara ce ta riƙe ni. Don me, ɗana? Da ka faɗa ai da na ninka maka." Na lura kofin shayi na rawa a hannunsa har yana ɗiga a jallabiya. Ya ce yana da ɗa a Alƙahira, magani zai iso cikin kwana huɗu. Cefanen Hauwa a kansa. In Yakubu ya tashi, wurinsa na nan.

Bai ambaci takarda ba. Manya ba sa ambaton irin wannan. Kawu ne ya ja ni baranda.

"Ki je ki janye ƙarar nan."

"Kawu, haƙƙinsa ne. Doka ce ta ba shi."

"Dokar ta kawo magani? Sai wata nawa kwamitin naki zai zauna? In kuma suka rufe wurin, gida goma sha huɗu ke za ki ciyar da albashin alli?"

"To a gyara wurin mana."

"Mai wurin ya ce in an matsa masa da bututun nan, rufewa ta fi masa sauƙi, ya koma sayar da siminti. Shi yana da inda zai koma. Mu fa?"

Na dube shi. Ya rame, bara ba haka yake ba. Na ce, "Kawu, ɗaga leɓenka in gani."

"Ke, ba ki da kunya? Ni zan buɗe miki baki kamar ragon layya?" Ya yi dariya, amma da hannu a kan bakin.

Na nemi likita na ce ta gaya mini gaskiya, hannun zai jira kwamiti? Ta ce, "Ni ba alƙali ba ce, ustaza. Abin da na sani, jijiya ba ta san ranar zaman kwamiti ba."

Na koma wurin Yakubu da jawabina a shirye: haƙƙi, da na baya, da mutum goma sha uku masu ɓoye dasashi, da wanda zai gaji ludayin. Ya bar ni har na kai aya. Sa'an nan ya ɗago hannuwan biyu, suka rataya a gabana.

"Yaya, duk gaskiya kika faɗa. Amma ba naki ba ne."

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha, masu iya ɗagawa. Ranar Lahadi na koma ofishin ƙwadago. Dattijon bai yi mamaki ba. Ya nuna mini inda zan sa hannu, ƙarƙashin layin da ke cewa an sasanta cikin lumana, ya jawo aljihun tebur ya ɗora ƙarata a kan 'yan'uwanta. Da ƙyar aljihun ya rufu. Ya sake yaba rubutuna.

Magani ya iso rana ta huɗu kamar yadda aka alkawarta, wannan ma dole in rubuta. Kwana biyar ana ɗura shi ta jijiya, a huta, a duba ƙoda, a sake. Zagaye uku. Ciki ya saki tun zagayen farko, ya ci asida ya nemi ƙari. Hannu kuwa ba ya gaggawa. Aka ɗaura musu katako kada su sandare a lanƙwashe. Hauwa na wanka da sauya kaya, ni ina ba shi abinci a baki, kamar shekara talatin da wani abu da suka wuce a kambo, sai dai wancan karon yana tofar mini. Kowace safiya mu sa masa lemon tsami a tafi ya matsa. Mako uku lemon na cin nasara. Wata biyu bayan sallama hagu ya dawo. Dama ya dawo rabi: yana riƙe kofi in hagu ya taimaka, ba ya sa maɓalli, ba ya ɗaga ludayi, kuma likita ta ce kada mu ƙara sa rai.

Aka gwada Safiya ma, don tun haihuwarta Hauwa na wanke kayan aikin uban da na yarinyar a baho ɗaya. Aka sami dalma kaɗan a jininta, ba ta kai ta ɗuri ba. Ba a gorar ta same ta ba, a rigar da take rungumewa da yamma ne.

Ina godiya ga likitar da ta ɗaga leɓe. Ga mutanen gadon kusa da namu, 'yan Kurdufan, da ba su taɓa buɗe kwano ba su ce mana bismilla ba. Ga shugabar makarantarmu da ta riƙe mini aji mako bakwai tana cewa ba ta lura ba na nan ba. Ga mufattish, da bai maimaita tambayarsa ba. Ga mai wurin ma, don maganinsa ne a jikin ƙanena, ko da yake dalmarsa ce ta riga shiga. Ban san yadda ake gode wa mutum a kuma kai ƙararsa wurin Allah da numfashi ɗaya ba. Ina koyo.

Wanda ke da ɗan'uwa a irin wannan wuri, in ciki ya murɗa aka ce malariya, aka dawo aka ce taifod, ya ɗaga leɓe ya duba, ya kuma gaya wa likita sana'ar tun ba a tambaya ba. A nemi takardar aiki tun mutum na tsaye da ƙafarsa, don ranar da ya kwanta babu wanda ya san shi. Kayan aiki kada su shiga gida. In kuwa za ka kai mufattish, ka bar ladabi a gida ranar, ka ba da haƙuri daga baya.

Mai wurin ya cika ɗaya alkawarin ma. Yakubu ya koma aiki, ba bakin tukunya ba. Kawu ya kawo wani daga Jazira ya danƙa masa ludayin. An ƙara fanka ɗaya. Kammama ta koma kabad sai wata Talatar. Yakubu yanzu mai gadin ƙofa ne, kuma tunda aikin ba shi da nauyi sai aka haɗa masa da wani: shi ke tsayawa a tebur da safe yana miƙa wa kowa rabin ratalinsa, da hannu biyu.

Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni. Na ba shi shayi, na kau da ido har kofin ya isa baki. Na ce, "Yanzu ka yarda da likitar?"

"Na yarda. Wanda ya fi kowa shan ta ya fara riƙe ciki."

"To kana gaya musu?"

"Na gaya musu. Suka ce su bar aikin su ci me?" Ya juya kofin a tafinsa. "Sai na bar wannan. Yanzu in na miƙa wa mutum nakan ce, kai wa yaranka gida. A can tana da amfani."

Shekara ashirin da bakwai ina gyara amsoshin mutane. Wannan na duba ta sama da ƙasa, ban sami inda zan sa jan biro ba.